SHIN YA KAMATA A RAGE WA MANYA SHEKARUN KOYON AIKIN LIKITA?

Duk wanda ya taɓa yini a kan benci yana jiran ganin likita, ko a Agege ne, ko a Sabon Badun, ko kuwa can gida a Illela ko Gumel, ya san ƙarancin likitoci tun kafin jarida ta gaya masa. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da ke da lasin aiki a Nijeriya wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. In aka raba wannan adadi ga jama'ar da ta haura miliyan 200, sai a tarar likita ɗaya ke ɗauke da mutum kusan 4,000. Wannan ma lissafin takarda ne, domin yawancin likitocin suna cunkushe ne a Ikko da Abuja da sauran manyan birane, ƙauye kuwa sai abin da hali ya yi.

Saboda haka ne wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa. Ga mutanen da suka manyanta, waɗansu da digirin kimiyya a hannu, waɗansu kuma sun shekara goma ko fiye suna aiki a asibiti ko a ofishin dabbobi, suna so su zama cikakkun likitoci. Shin daidai ne a sa su bi doguwar hanyar nan tare da yaron da ya gama sakandare jiya? Ko kuwa ya kamata a duba shekarunsu da abin da suka riga suka sani, a rage musu?

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Kurmi ta fuska biyu. Ta farko, asibitocin garuruwansu, inda suka baro iyaye da 'yan'uwa, su ne suka fi fama da rashin likita. Ta biyu, arzikin da yawa daga cikinsu a kan dabba yake, lafiyar dabba kuwa tana hannun likitan dabbobi.

YADDA HANYAR TAKE

Kafin a ce a rage, sai a fara sanin tsawon abin da za a rage. A jami'o'in Nijeriya karatun likita shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Shekarar farko ta share fage ce, ana karanta fiziks da kimistiri da bayoloji. Daga nan sai wajen shekara ɗaya da rabi ana koyon ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran da ke cikin jiki. A ƙarshen wannan ne ake yin babbar jarrabawar nan da ke kayar da ɗalibai da yawa. Wanda ya haye sai ya shiga ilmin cututtuka da na magunguna, kana ya zauna a asibitin koyarwa yana zagaya sassa: na yara, na mata da haihuwa, na lafiyar jama'a, na cututtukan manya, da na fiɗa.

Bayan shekara shida ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba. Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori, watau MDCN, lasin wucin gadi take ba shi, sai ya yi shekara guda yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakken lasin. Sa'an nan ga shekarar yi wa ƙasa hidima. In kuma yana son ƙwarewa a wani fanni, kamar fiɗa ko ciwon yara, sai ya ƙara shekara biyar ko shida. Karatun likitan dabbobi shi ma shekara shida ne, Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ce kuma ke yi wa wanda ya gama rajista.

Rangwamen da ake da shi yanzu guda ɗaya ne. Wanda ya zo da sakamako mai kyau na IJMB ko makamancinsa, ko kuwa digirin farko a wani fannin kimiyya, ana iya ɗaukarsa kai tsaye zuwa aji biyu, ya yi shekara biyar. Watau mai digirin shekara huɗu da wanda ya yi karatun share fage na shekara ɗaya ƙofa guda suke bi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama kuwa, doka ta ɗauke masa hidimar ƙasa.

Ya kamata kuma a lura da cewa hukumomi sun fi karkata ga tsawaitawa. A 2016 an yi ta ka-ce-na-ce bayan jaridu sun ruwaito cewa Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, za ta mai da karatun likita shekara goma sha ɗaya, har sai da hukumar ta fito ta ce ba haka take nufi ba. A farkon 2025 kuma ta ba da sanarwar ɗaga karatun haɗa magunguna da na gashin ƙashi da na duban ido zuwa shekara shida.

MANYA IRI UKU NE

Inda masu gardamar nan suke yawan ruɗewa shi ne wajen kalmar "manya". Ai ba duk babba ne iri ɗaya ba, aƙalla sun kasu uku.

Na farko shi ne mai digiri a fannin da ke maƙwabtaka da likitanci. Da yawa daga cikin irin waɗannan likitanci suka nema tun asali, gurbi ya ƙare, aka tura su karanta ƙirar jiki ko aikin gaɓoɓi ko ilmin ƙwayoyin cuta. Wannan ya riga ya shekara huɗu a kan abin da ɗalibin likita ke yi a aji biyu da aji uku, amma in ya dawo sai a ce ya sake shi daga tushe.

Na biyu shi ne ma'aikacin da ya ga jiya ya ga yau a bakin aiki: nas, ko unguwarzoma, ko malamin asibiti na karkara, ko malamin dabbobi. Hannunsa ya faɗa, ya iya allura da ɗinki da ƙarin ruwa, ya san fuskar majinyacin da ya kamata a garzaya da shi babban asibiti. Sai dai takardarsa difloma ce, kuma ba a zurfafa masa ilmin dalili ba. Ya san maganin da ake bayarwa, amma ba lalle ne ya san abin da maganin ke yi wa ƙoda ko hanta ba. A yawancin jami'o'i irin wannan takarda ba ta kai shi aji biyu na likitancin mutane.

Na uku shi ne wanda shekaru kaɗai gare shi. Ya gama sakandare tuntuni, ya shiga kasuwa ko koyarwa, yanzu Allah ya hore masa abin biyan makaranta. Gemu ba ya hana ilmi, gaskiya ne, amma kuma gemu ba ya zama ilmi. Wannan babu abin da za a rage masa, watakila ma shi ne ya fi kowa bukatar shekarar share fage.

Ashe ke nan tambayar ta koma kan abin da mutum ya riga ya karanta, wanda za a iya jarraba shi a kai. Yawan shekarun haihuwa ba ya cikin lissafi.

HUJJAR MASU SON A RAGE

Masu goyon bayan ragewa suna da hujjoji masu nauyi. A ɗauki misalin ma'aikacin lafiya da ya kama aikin gwamnati yana da shekara 23, ya sami shiga jami'a yana da 35. In daga aji ɗaya ya fara, zai gama yana da 41, ya sami cikakken lasin yana da 42. Bisa ƙa'idar aikin gwamnati da aka saba, ana yin ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wadda ta riga zuwa, watau shi a 58 zai ajiye aiki. Shekara bakwai ya kashe domin ya yi aikin shekara goma sha shida. Kowace shekara guda da aka rage masa, shekara ce da aka ƙara wa marasa lafiya.

Ga kuma nauyin gida. Saurayi ɗan shekara 17 iyayensa ne ke ɗauke da shi, magidanci kuwa shi ke ɗauke da mata da 'ya'ya da iyaye. Shekara shida ba kasuwa, ba kuma tabbacin albashi, ba kowane gida ne zai jure ba. Ga mata abin ya fi tsanani, domin da yawa aure da goyo ne suka katse musu karatu, alhali kuwa likita mace ita ce abin da asibitocin Arewa suka fi nema, saboda matan da ba su sakin jiki da likita namiji.

Hujja ta uku ita ce ta zama. Yaron da ya gama yana da shekara 23, ba mata ba ɗa, ba abin da zai riƙe shi in Ingila ko Saudiyya ta yafuto shi. Amma wanda ya riga ya gina gida a Birnin Kudu ko Potiskum, 'ya'yansa suna makaranta, tsohuwarsa tana raye, zai fi wuyar tashi. A watan Afrilu na 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Ikko, Ganiyu Johnson, ya kawo shirin dokar da za ta hana sabon likita cikakken lasin sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ƙungiyar likitoci ta yi tir da shi, bai kuwa zama doka ba. Masu son a sauƙaƙa wa manya suna cewa maimakon a ɗaure wanda ke son tafiya, ai gara a buɗe wa wanda ba shi da niyyar tafiya ƙofa.

ABIN DA AKE YI A WAJE

Wannan shawara an riga an jarraba ta a waɗansu ƙasashe. A Ingila karatun likita yawanci shekara biyar ne, amma tun shekarar 2000 makarantar St George's ta Landan da haɗin gwiwar jami'o'in Leicester da Warwick suka buɗe tsarin shekara huɗu domin masu digiri, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu. Makarantun likitan dabbobi na Landan da Edinbara su ma suna da tsarin shekara huɗu ga mai digirin kimiyya, maimakon biyar. Nan kusa a Ghana, Jami'ar Ghana tana da irin wannan tsari na shekara huɗu. A Amurka kuwa kowa sai ya yi digiri kafin ya shiga makarantar likita ta shekara huɗu, kuma Jami'ar New York ta buɗe hanyar shekara uku a 2013. A Kanada jami'o'in McMaster da Calgary sun daɗe suna yaye likitoci cikin shekara uku.

Amma akwai abin da mai karatu ya kamata ya lura da shi. A duk waɗannan wurare digiri ko karatun jami'a da aka riga aka yi shi ne sharaɗi, ba a tambayar furfura. Sa'an nan abin da aka rage hutu ne da maimaici. Ɗaliban McMaster da Calgary kusan ba su da dogon hutu, shekara uku suke yi cur suna karatu. Dokar Tarayyar Turai, bayan gyaran da aka yi mata a 2013, ta ce karatun likita kada ya gaza shekara biyar da kuma awa 5,500. Watau ko an matse shekarun, ba a yafe awoyin. Wanda ya zaɓi gajeriyar hanya ya sani tudu ce, kuma magidancin da ke tsammanin zai riƙa leƙa shagonsa da yamma ba zai iya ba.

Akwai kuma darasi daga Amurkan kanta. A farkon shekarun 1970 gwamnatinsu ta ba da tukuicin kuɗi ga makarantun da suka mai da karatu shekara uku domin a sami likitoci da wuri, makarantu da dama suka karɓa. Kafin ƙarshen shekarun nan galibinsu sun koma shekara huɗu, domin malamai da ɗalibai sun gaji tiɓis, tukuicin kuma ya tsaya. Sauri ya haifi nawa.

DARASIN YABA DA KANO

Nijeriya ma tana da nata tarihi a kan wannan batu. A 1930 Turawan mulki suka buɗe makarantar likita a Yaba. Waɗanda suka fito daga cikinta sun sha karatu, sun kuma yi aiki tuƙuru a asibitocin gwamnati, amma mataimakan likita aka kira su, takardarsu ba ta aiki a wajen ƙasa, albashinsu kuma yana ƙasa da na wanda ya yi karatu a Ingila. Wannan wariya tana cikin abubuwan da suka fusata 'yan kishin ƙasa na zamanin, har aka kai ga kafa Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948.

A Arewa, likita na farko ɗan ƙasa shi ne Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda sai da ya je Birmingham ya yi karatu. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ga ba za ta iya jira ba, sai ta buɗe makarantar likita a Kano cikin shekarun 1950 domin horar da mataimakan likitoci. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba, sai a 1967 aka kafa sashen koyon likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, duk ranar da aka ƙirƙiro takarda ta dabam domin waɗansu, to an ƙirƙiro likita mai daraja ta biyu. An kuma san inda za a tura shi: wurin talaka. Mai hali zai ga likitan shekara shida a birni, mutumin ƙauye a bar shi da na rangwame. Ba uban da zai so a kai ɗansa ɗakin fiɗa a ce masa wanda zai riƙe wuƙar an yafe masa waɗansu darussa saboda shekarunsa. Don haka in za a rage, tilas jarrabawar ƙarshe ta zama ɗaya, lasin ya zama ɗaya.

TO, LIKITAN DABBOBI FA?

Waɗansu na ganin ko ba a taɓa na mutane ba, ai na dabbobi a iya rage shi, tun da dabba ce. Wannan kuskure ne, duk mai harkar kara ya sani. Likitan mutane jiki iri ɗaya yake karanta, kuma majinyacinsa yana gaya masa inda ke ciwo. Likitan dabbobi kuwa sai ya san saniya mai tumbi huɗu, da doki mai ɗaya, da raƙumi da kare da kaza da kifi, kowanne da cutarsa da awon maganinsa, ba kuma mai magana a cikinsu.

Bugu da ƙari, shi ne mai tsaron ƙofa tsakanin cutar dabba da mutum. Tarin fuka na shanu, da bakkale, da haukan kare, da ciwon saifa, duk suna tsallakowa zuwa ɗan Adam. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, a wata gona a yankin Suleja, ba da jimawa ba kuma aka same shi a jikin waɗansu dabbobi a Ikko. Dillalan Kara da mahautan Oko-Oba da na Akinyele da na Lokpanta sun san abin da irin wannan labari ke yi wa ciniki. Likitan da ke duba nama a mayanka, in ya yi kuskure ya saki mai cuta, mutane za su cutu, a kuma ɗora wa Hausawa masu sayarwa laifi. In ya yi kuskure ya hana mai lafiya, dukiyar bawan Allah ta salwanta.

Sai dai a wannan fanni manya suna da ƙafar takawa. Tun 1924 aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom, a 1941 kuma aka buɗe makarantar horar da malaman dabbobi a wurin, har yau kuwa tana yaye masu difloma. Waɗansu jami'o'i sukan karɓi mai babbar diflomar lafiyar dabbobi a aji biyu. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana bin ruga, ya san sammore da ciwon huhu tun daga nesa, ya kamata a jarraba shi a ga abin da za a ɗauke masa cikin darussan kiwo da sarrafa dabba, amma ilmin cututtuka da na magunguna da fiɗa sai ya yi su cif.

Tarihin bushiya ma abin tunawa ne. Dattawan makiyaya ba su manta da ɓarnar da ta yi a 1983 ba. A 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma cikin waɗanda suka yi wannan aiki a lungunan Habasha da kudancin Sudan akwai makiyayan da aka koya wa allurar rigakafi cikin ɗan lokaci, likitoci na duba su. Ashe ba kowane aiki ne ke bukatar mai karatun shekara shida ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 za ta bukaci likitoci, za ta kuma bukaci malaman dabbobi ninkin ba ninkin.

INDA GIZO KE SAƘA

In aka bi diddigi, sai a ga shekarun da ke rubuce a takarda ba su ne kaɗai ke cinye rayuwar ɗalibi ba. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka yi na wata takwas. Wata goma sha bakwai ke nan suka tafi a banza a jami'o'in gwamnati, fiye da shekara gudan da ake gardamar ragewa. Bayan an gama kuma, sababbin likitoci da yawa sukan zauna watanni suna jiran gurbin sanin makamar aiki. Da za a toshe waɗannan ramuka biyu, da babba da yaro duk sun ci riba ba tare da an taɓa darasi ko ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne gurbi. MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. A 2024 gwamnati ta ce ta ɗaga guraben makarantun likita da na nas da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Amma gurbi a takarda ba ya koyar da kowa. Likitanci a bakin gadon majinyaci ake koyonsa, ƙwararrun da za su koyar kuwa suna cikin masu barin ƙasa. Tsarin shekara huɗu ya fi na shida bukatar malamai, domin ba hutu, kuma ɗalibai ƙungiya ƙanana ake raba su.

Abu na uku kuɗi ne. Abin da ya fi hana magidanci komawa makaranta shi ne wanda zai ciyar da gidansa. Ko shekara huɗu ce, in ba albashi ba zai iya ba. Ko shida ce, in jiharsa ta ba shi hutun ƙaro ilmi da cikakken albashi, zai daure.

ABIN DA YA KAMATA A YI

In aka haɗa duk waɗannan, amsar ta fito fili. Kada a rage wa kowa don shekarunsa, amma a daina sa mutum maimaita abin da ya riga ya ci jarrabawarsa. NUC da MDCN da Hukumar Likitocin Dabbobi suna iya zaɓen tsofaffin jami'o'i kaɗan, kamar Zariya da Badun, su fara gwajin tsarin shekara huɗu domin masu digirin kimiyyar lafiya, da jarrabawar shiga mai tsauri, ba tare da an taɓa shekarun asibiti ba. Ga nas da malamin asibiti da malamin dabbobi kuma a buɗe ajin share fage na musamman, wanda ya ci ya wuce aji biyu. Gwamnatocin jihohin Arewa su keɓe wa irin waɗannan ma'aikata gurbi, su riƙe musu albashi, su kuma sa su rattaba hannu cewa za su koma karkara su yi aiki gwargwadon shekarun da aka kashe musu.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, akwai gargaɗi ga mazauna Kurmi, musamman na Ikko da ke dab da kan iyaka. Akwai masu yawo da alkawarin digiri cikin gaggawa a ƙasashen maƙwabta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairu na 2024. Ko wanda ya yi karatun gaske a waje ma sai ya zauna jarrabawar MDCN, kuma a wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2023, mutum 433 daga cikin 836 ba su haye ba. Duk uban da zai sayar da shanu ko fili don karatun ɗa ko ƙane, ya fara binciko ko hukumar ta amince da makarantar.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa na zango-zango, da sarakunan Hausawa, da shugabannin kasuwannin kara da na gwari, suna da rawar takawa. Suna tara kuɗi domin masallaci da jana'iza da sasanta rikici. In kowace babbar kara ta ɗauki nauyin malamin dabbobi guda ɗaya daga cikin 'ya'yanta har ya zama likita, ta riƙe masa gida shekara biyar, to ranar da wata cuta ta sake ɓullowa za a sami wanda ya san shanu, ya san Hausa da Fulatanci, yana kuma da lasin da hukuma za ta saurara masa.